Sallah da Kirsimeti: Abin da masu kare da kyanwa ya kamata su sani kafin ranar biki

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, hankalin jama'a kan koma kan farashin rago, kuɗin mota da ɗinkin yara. Idan kuma Disamba ta kama, zancen kaji da shinkafa da tafiya gida ne ke cika baki. A cikin wannan hidima akwai waɗanda ba a cika saka su a lissafi ba, alhali suna cikin gidan: karen gadi da ke ɗaure a bayan ɗaki, kyanwar da ke zagaya madafa, da tantabarun da ke kan rufi.

Mantawa da su tana da tsada, kuma sau da yawa mutane ne ke biya. Huhun ragon da aka jefa wa kare ranar layya zai iya zama silar tiyatar da za a yi wa wani yaro na gidan bayan shekaru. Karen da ba a yi wa allurar riga-kafi ba, idan ya ciji ɗan yawon Sallah, zai iya jefa iyali cikin neman maganin da ba kowane asibiti ke da shi ba, a ranakun da ma'aikata da dama ke hutu. Wannan bayani ya tattaro abubuwan da likitocin dabbobi da hukumomin lafiya suka tabbatar game da waɗannan haɗurra, da matakan da mai dabba zai ɗauka, da kuma hukumar da doka ta ɗora wa alhakin lamarin.

Abin da ke sauyawa a gida lokacin biki

Kare da kyanwa dabbobi ne masu bin sabo. Sun san lokacin cin abincinsu, sun san ƙamshin mutanen gida, sun san inda suke kwanciya. Biki kan rikita wannan tsari gaba ɗaya cikin yini guda. Nama da kitse da ƙashi kan yawaita fiye da yadda cikin dabbar ya saba. Ƙofar gida kan kasance a buɗe tun safe saboda masu kai abinci da masu gaisuwa. Yara baƙi kan shigo rukuni-rukuni. A waje kuma ga kiɗa, ga harbin bindigogin gargajiya a garuruwan da ake hawan Sallah, ga tartsatsin wuta a daren Kirsimeti da na sabuwar shekara.

Akwai kuma batun yanayi. Kalandar Musulunci na matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekarar Miladiyya. A Najeriya an yi Babbar Sallah ranar 28 ga Yuni a 2023, ranar 16 ga Yuni a 2024, sannan ranar 6 ga Yuni a 2025. Ma'ana, layya na ƙara shiga tsakiyar bazara, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da makamantansu kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos. Kirsimeti kuwa kullum cikin hunturu take faɗawa, da ƙura da sanyin dare.

Ranar layya: kayan cikin da ba a bai wa kare

Al'ada ce a gidaje da yawa idan ana fiɗa, mahauci ya ga wani ɓangare na hanta ko huhu da bai yarda da shi ba, sai ya yanke ya wurga wa kare. Ana ganin hakan tausayi ne da gudun almubazzaranci. A fannin lafiyar jama'a kuwa, wannan na cikin ayyuka mafiya haɗari da ake yi a ranar.

Dalili shi ne wata tsutsar ciki da ake kira Echinococcus granulosus a kimiyyance. A jikin tumaki, awaki, shanu da raƙuma, tsutsar kan yi ƙululu mai cike da ruwa, galibi a hanta ko huhu. Idan kare ya ci wannan ƙululu ɗanye, tsutsar kan girma a hanjinsa. Tsawonta bai wuce 'yan milimita ba, kuma ba ta cika sa kare rashin lafiya ba, saboda haka mai shi ba zai ga wata alama ba. Bayan 'yan makonni karen zai fara fitar da ƙwayayenta a kashinsa. Ƙwayayen kan manne a gashinsa, su zauna a ƙasar tsakar gida, su shiga ruwa ko ganyen lambu. Tumakin da suka yi kiwo a wurin za su ɗauka, haka nan mutumin da ya shafa karen ya ci abinci bai wanke hannu ba.

A jikin mutum ma ƙululun ruwan ne ke fitowa, a hanta ko huhu, yana girma a hankali. Mutum kan yi shekaru bai sani ba, har sai ya fara jin ciwon ciki, tari mai naci ko wahalar numfashi. Maganinsa kan haɗa da shan ƙwayoyi na tsawon lokaci, sau da yawa kuma sai an yi tiyata. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci akwai mutum fiye da miliyan ɗaya da ke ɗauke da wannan rukunin cuta a duniya, kuma ta bayyana yankan gida da bai wa karnuka kayan ciki a matsayin babbar hanyar da cutar ke zagayawa.

Abin yi ba shi da wuya. A ɗaure kare ko a rufe shi nesa da wurin yanka har a gama fiɗa a wanke wurin. Duk hanta, huhu ko wata gaɓa da aka ga ƙululu ko wani tabo a jikinta, a ƙone ta, ko a binne ta a rami mai zurfin da kare ba zai tone ba. Jefa ta a bola ko a kwata daidai yake da miƙa ta ga karnukan unguwa. Idan ana so kare ya samu rabonsa na layya, a ba shi tsoka mai kyau da aka dafa sosai ba tare da gishiri ko kayan yaji ba. WHO na ba da shawarar a riƙa bai wa karnuka maganin tsutsa mai suna firazikwantel aƙalla sau huɗu a shekara a wuraren da cutar take. Likitan dabbobi ne zai ƙayyade adadin gwargwadon nauyin karen.

Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci, baki ko dubura, ba a feɗe ta kuma ba a bai wa kare namanta. Wannan na cikin alamun cutar antiraks, wadda ke kama dabba da mutum. A watan Yunin 2023, ana dab da Babbar Sallah, Gwamnatin Tarayya ta yi gargaɗi kan cutar bayan ɓullarta a arewacin Ghana, kuma a watan Yuli aka tabbatar da ita a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja. Idan aka ga irin wannan mutuwa, ofishin likitan dabbobi ake sanar wa.

Ƙashi, kitse da tsinken tsire

Kowa ya taso da sanin cewa ƙashi abincin kare ne, amma ƙashin da aka dafa, aka soya ko aka gasa ya sha bamban da ɗanye. Wuta kan busar da shi, idan kare ya tauna sai ya tarwatse ya zama tsinke-tsinke masu kaifi. Waɗannan kan maƙale a maƙogwaro, su toshe hanji ko su huda shi. Ƙashin kaza da na talo-talo, waɗanda ke yawaita a Kirsimeti, sun fi saurin tarwatsewa. Tsinken tsire, igiyar da aka ɗaure nama da ita da ledar da nama ya jiƙa duk abubuwa ne da kare kan haɗiye saboda ƙamshi.

Kitse da ragowar man suya ma matsala ne. Karen da ya saba da tuwo da ɗan romo, idan aka cika masa kwano da kitsen rago a yini guda, zai iya kamuwa da kumburin wata gaɓa da ke kusa da tumbi mai taimakawa wajen narkar da abinci. Alamunsa su ne amai a kai a kai, ƙin cin abinci, da ciwon cikin da kan sa kare ya ƙudundune. Wannan ciwo kan yi kisa idan aka yi sakaci.

Idan kare ya yi ta amai, cikinsa ya kumbura, yana yunƙurin kashi ba ya fita, ko aka ga jini a kashinsa, ba a jira hutu ya ƙare. A nemi likita a ranar.

Abincin biki da ke zama guba

Akwai abubuwan da mutum ke ci lafiya lau amma jikin kare da kyanwa ba ya iya sarrafa su.

Albasa da tafarnuwa, ɗanyu ko dafaffu ko garinsu, suna lalata jajayen ƙwayoyin jini. Illar ba ta cika bayyana nan take ba, sai bayan 'yan kwanaki a ga dabbar ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, fitsarinta ya yi duhu. Kyanwa ta fi kare saurin cutuwa da su. Tunda kusan babu miyar Sallah, farfesu ko dafa-dukan da ba a zuba wa albasa, ragowar tukunya ba abincin dabba ba ne.

Cakulan na ɗauke da sinadarin tiyoburomin, wanda jikin kare ke jinkirin fitarwa. Yana sa amai, rawar jiki, bugun zuciya da sauri, har da farfaɗiya. Cakulan mai duhu da garin koko sun fi haɗari. Goro ma na ɗauke da wannan sinadari tare da kafeyin, saboda haka kwanon goron baƙi bai kamata ya kwana a tabarma ba. Haka ganyen shayi da garin kofi.

Inabi da zabibi, wanda ake zubawa a kek da wasu kayan fulawa, kan kashe wa kare ƙoda, kuma ba a san wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba. Wasu nau'o'in cingam da alewa marasa sukari na ɗauke da zailitol, wanda kan karyar da sukarin jinin kare cikin ɗan lokaci, ya kuma taɓa hanta. Ƙullun fulawa mai yis da aka ajiye ya tashi, idan kare ya haɗiye shi, zai ci gaba da kumbura a cikinsa. Barasa kowace iri guba ce ga dabba, ko da da sunan wasa aka ba ta.

Fiya-fiya, maganin ɓera da ƙwayoyin mutane

Sharar gida da feshin ƙwari na cikin shirye-shiryen biki, musamman inda ƙudaje za su taru saboda nama. Fiya-fiya da dangoginta na ɗauke da sinadarai masu kai hari ga jijiyoyi. Dabbar da ta lasa ko ta shaƙa da yawa kan yi dalalar miyau, gudawa, karkarwa da wahalar numfashi. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani saboda yadda ake amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Duk da haka har yanzu akwai masu yi wa kare wanka da shi don kashe kaska, abin da kan ƙare da mutuwar karen. A fitar da dabbobi da kwanukansu kafin feshi, kada a dawo da su sai wurin ya bushe iska ta ratsa.

Maganin ɓera da yawa na hana jini daskarewa, kuma alamunsa kan ɗauki kwanaki kafin su fito. Kyanwa ko karen da ya ci ɓeran da guba ta kashe shi ma yana cikin haɗari.

Ba a bai wa dabba maganin mutane sai da izinin likita. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya ta isa ta kashe kyanwa. Ibufurofen da makamantansa na ƙona wa kare tumbi su lalata ƙoda. Wasu magungunan kaska da ƙuma da aka yi domin kare, masu ɗauke da fametirin, na kashe kyanwa idan aka shafa mata.

Idan ana zargin dabba ta ci guba, a ɗauki kwalbar ko ledar abin da ta ci a tafi da ita wurin likita. Ɗura mata manja, madara ko ruwan gishiri ba ya karya guba, kuma abin da aka ɗura zai iya wucewa huhu ya ƙara dagula lamarin.

Ƙara, taro da ƙofa a buɗe

Kare na jin sautin da kunnen mutum ba ya kaiwa gare shi, kuma ƙarar da ta zo ba zato ita ta fi firgita shi. Rundunonin 'yan sanda a jihohi da dama kan sanar da haramta sayarwa da kunna abubuwan fashewa na wasa a duk ƙarshen shekara, amma mazauna birane sun san yadda daren 31 ga Disamba ke kasancewa. Karen da ya firgita kan tsinke sarƙa, ya haura katanga, ya faɗa titi. Wanda bai samu hanyar gudu ba kan ciji duk wanda ya matso, har da mai shi.

Kafin magariba a ciyar da shi, a kai shi ɗaki ko kejin da ya saba da shi, a ajiye masa ruwa. Kada a doke shi don yana haushi ko kuka, duka na ƙara masa tsoro ne. Kyanwa kan nemi lungu ta ɓuya, a ƙyale ta har ta fito da kanta. A rataya wa kare wani abu a wuya mai ɗauke da lambar wayar mai shi, a kuma ajiye hotonsa na kwanan nan. Karen da ya ɓata ba lallai ne ya dawo ba, domin akwai kasuwar karnuka mai ƙarfi a ƙasar nan. Ta Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato na cikin mafiya girma, kuma daga jihohi masu nisa ake kai mata kaya.

Game da baƙi, ƙa'idar ita ce kada a bar yaro da kare su kaɗai, komai sanyin halin karen. A gargaɗi yara kada su taɓa kare yana cin abinci, yana barci, ko karya tana shayar da 'ya'yanta. Yaron da kare ya tunkaro shi ya tsaya cik, ya sauke hannuwansa, ya kau da ido. Gudu da ihu ne ke sa kare bin mutum.

Zafi, hunturu da tafiya

Kare ba ya gumi kamar mutum, ta hanyar haki yake rage zafin jikinsa. Karnukan waje masu yawan gashi ko gajeren hanci, waɗanda ake sayowa da tsada don gadi a Abuja, Kaduna da Kano, sun fi na gida shan wahalar bazara. Karen da aka ɗaure a rana, ko aka rufe a mota ko a but, zai iya mutuwa cikin ƙanƙanin lokaci. Idan aka ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, yana tangaɗi ko ya zube, a mayar da shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa mai sanyi, a yi masa fifita, a garzaya wurin likita. A hunturu kuwa, 'yan kwikwiyo da tsofaffin karnuka na buƙatar busasshiyar shimfiɗa a inda iska ba ta bugawa.

Mai tafiya ƙauye ko wani gari ya damƙa dabbarsa a hannun wani takamaiman mutum da zai riƙa zuwa kullum, ya bar masa abinci, kuɗi da lambar likita. Tara wa kare abincin kwana biyar a ɗaure shi a tafi zalunci ne, domin abincin zai lalace, ruwan kuma zai iya kifewa tun ranar farko. Wanda zai tafi da karensa ya tabbata allurarsa ba ta ƙare ba, domin a can zai haɗu da karnukan da ba a san tarihinsu ba.

Masu kiwon tantabaru da sauran tsuntsaye su ware kajin da aka sayo don yanka, kada su haɗa su da na gida, musamman a hunturu lokacin da annobar kaji ke yawaita. Masu niyyar yin kyautar aku kuma su sani cewa tun 2017 yarjejeniyar CITES ta hana cinikin aku mai ruwan toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda farauta ta rage yawansa.

Haukan kare: cutar da ba ta da magani idan ta bayyana

Wannan shi ne haɗari mafi girma. WHO ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na cikin miyau, tana shiga ta cizo, yakushi, ko lasar wurin da fata ta buɗe. Daga nan takan bi jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci alamun kan fito bayan wata biyu zuwa uku, amma za su iya fitowa cikin mako guda ko su kai shekara. Da zarar sun fito, kusan babu mai tsira. Kafin su fito kuwa, allura na hana cutar.

Ba kowane kare mai cutar ne ke hauka yana cizon duk abin da ya gani ba. Akwai nau'in da ke shanye jiki, inda karen kan yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, miyau na zuba, ya kasa haɗiya. Wanda ya gan shi zai ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa, kuma a makon layya wannan ne zaton da zai fara zuwa wa kowa. Kada a zura hannu a bakin kare don ciro ƙashi. A killace shi a kira likita. Kyanwa ma na ɗaukar cutar tana yaɗawa, haka tumaki da shanun da mahaukacin kare ya ciza na kamuwa.

Ana yi wa kwikwiyo allurar farko yana da wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara kamar yadda ake yi a Najeriya. Jiki na buƙatar makonni uku zuwa huɗu kafin allurar farko ta ba da kariya, saboda haka wadda aka yi ana jibi Sallah ba za ta yi aiki a Sallar ba. Ba a kiwon kare ranar farauta. Allurar na lalacewa idan ba a ajiye ta cikin sanyi ba, don haka a guji masu yawo da kwalabe a aljihu. A je asibitin dabbobi na gwamnati, ko wurin likitan da ke da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, a kuma karɓi takardar shaida mai kwanan wata. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri duk suna da asibitocin koyarwa na dabbobi da ke karɓar jama'a.

Idan kare ko kyanwa ta ciji mutum

Na farko, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15. A duba agogo, domin minti 15 ya fi yadda ake zato tsawo. Wannan wanki kaɗai na rage haɗarin sosai. Bayan nan a shafa aidin ko sifirit idan akwai.

Na biyu, kada a zuba toka, barkono, sassaƙe ko man mota, kuma kada a ɗaure wurin tamau.

Na uku, a je asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Allurar bayan cizo ba guda ɗaya ba ce. Ana yin ta farko a ranar da aka je, sannan a rana ta 3 da ta 7, wasu tsare-tsaren kuma na ƙarawa har zuwa rana ta 28. Dole a kammala. Idan cizon ya huda fata, akwai wata allura ta daban mai ɗauke da garkuwar jiki da ake yi a cikin raunin da kewayensa. Cizo a fuska, wuya ko yatsu ya fi gaggawa. Mai juna biyu da jariri duk ana yi musu. Wanda aka ciza tun makonni bai je ba, har yanzu ya je.

Na huɗu, idan an san karen, a killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, amma kada a jinkirta fara allura don jiran sakamako. Idan karen ya mutu ko an kashe shi, kada a yar da gawar ko a sayar da ita. Ƙwaƙwalwarsa ake gwadawa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ita ce babbar cibiyar wannan gwaji. Ita ce kuma ke sarrafa allurar karnuka a cikin gida.

A tambayi yara kai tsaye bayan yawon Sallah. Yaro kan ɓoye cizo ko yakushi don tsoron faɗa.

Alhakin wa?

Nauyin farko na kan mai dabba. Dokokin laifuka na Kudu da na Arewa duk sun haramta zaluntar dabba, kuma wanda karensa ya ji wa wani rauni saboda sakaci zai iya fuskantar ƙara. Sai dai ba mai dabba kaɗai doka ta ambata ba.

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a ciki akwai kula da yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu, kafa mayanka da kula da su, da kwashe shara. Waɗannan su ne wuraren da cututtukan da aka ambata a sama ke samun ƙofa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. A wannan watan ne kuma Shugaba Bola Tinubu ya sanar da kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Kafin nan, a 2022, an sanya hannu kan sabuwar dokar yaƙi da cututtukan dabbobi wadda ta maye gurbin ta 1988.

A matakin duniya, WHO da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da za a kawo ƙarshen mutuwar mutane daga haukan kare. Hanyar da masana suka yi ittifaƙi a kanta ita ce yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura a kai a kai, domin hakan ke katse yaɗuwar cutar. Kashe karnuka barkatai ba ya magance ta, domin wasu kan maye gurbinsu, kuma sau da yawa har waɗanda aka yi wa allura ake hallakawa. A 2024 ƙungiyar Gavi ta sanar da fara tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da allurar bayan cizo. Ana kuma bikin ranar yaƙi da cutar a duk 28 ga Satumba, ranar da Louis Pasteur, wanda ya samar da allurar farko, ya rasu a 1895, kuma jihohi da dama kan yi wa karnuka allura kyauta a lokacin.

Mai karatu na da damar tambayar kansilansa da shugaban ƙaramar hukumarsa: yaushe aka yi wa karnukan yankin allura na ƙarshe, kuma guda nawa? Wane asibiti ne mafi kusa da ke ajiye allurar bayan cizo, kuma nawa ake biya? Wa ke kwashe kayan cikin da ake zubarwa a mayanka da bakin kwata a kwanakin layya? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumomin gwamnati, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Kafin ranar

Wata guda kafin biki, a duba takardar allura a sabunta, a kuma ba da maganin tsutsa da na kaska. Mako guda kafin biki, a gyara keji ko ɗakin da za a rufe dabbar, a nemi lambar likitan da zai yi aiki a lokacin hutu, a kuma gano asibitin mutane da ke da allurar bayan cizo. A ranar kuma, a nisanta kare daga wurin yanka, a rufe kwandon shara, a ƙone ko a binne duk kayan cikin da ba a yarda da su ba, a sanar da baƙi cewa akwai kare a gidan tun daga bakin ƙofa.